Kalma Ɗaya, Ma'ana Huɗu: Tsokaci Kan Jerin Kalmomi a Littattafan Makaranta

1.0 Gabatarwa

Wasu littattafan da ake koyar da Ingilishi da fassara da su a ƙananan makarantun sakandare sukan rufe kowane darasi da jerin kalmomi, Ingilishi a hagu, Hausa a dama, kowace kalma da ma'ana guda. Wannan tsokaci zai nuna illar wannan tsari ta hanyar duba kalma ɗaya tak, wato "pound", tare da la'akari da ɗalibin Potiskum a Jihar Yobe, wanda sau da yawa Ngizim ko Karekare ko Bolanci yake ji a gida, Hausa a kasuwa, Ingilishi kuma a aji.

2.0 Ma'anonin Kalmar da Asalinsu

Kalmar tana da manyan ma'anoni huɗu. Ta farko ma'aunin nauyi ne, kimanin giram 454. Ta biyu kuɗin Ingila ne. Waɗannan biyun tushensu ɗaya, daga Latin, domin asalin kuɗin shi ne azurfa mai nauyin wannan ma'auni. Ta uku wurin da hukuma ke tsare dabbobin da suka ɓace ko suka yi ɓarna. Ta huɗu aikatau ce mai nufin daka, kamar dakan gero a turmi. Ta uku da ta huɗu kowace da nata tushen daban a tsohon Ingilishi. Daga baya ne furuci da rubutu suka haɗa su da na farkon.

Abin lura shi ne Hausa ta riga ta rarrabe. Ta ari "fam" domin kuɗi, ta ari "laba" domin nauyi daga gajeren rubutun ma'aunin, ta riƙe "daka" nata na gado. Ko bayan da Naira ta maye gurbin fam a 1973, bisa lissafin fam ɗaya Naira biyu, 'yan kasuwa sun daɗe suna ciniki da fam da jaka.

3.0 Inda Matsalar Take

Idan littafi ya rubuta "fam" kaɗai a gaban wannan kalma, yaron da mahaifinsa ke hada-hada a kasuwar shanu ta Potiskum zai ci karo da jimla kan saniyar da aka tsare, ya fassara ta da kuɗi. Laifin ba nasa ba ne, abin da aka ba shi ya haddace ke nan. Illa ta biyu ita ce ɗalibi kan ɗauka kamannin sauti hujja ce ta asali. Haka aka daɗe ana koyar da cewa "boko" daga "book" ta fito, har Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar Hausa ce ta asali mai nufin algus ko yaudara, ma'anar da ke cikin ƙamusun Bargery na 1934.

4.0 Shawarwari

Na farko, malami ya fara daga abin da yara suka sani: "gari" na mutane da "gari" na tuwo, "kuka" itace da "kuka" na hawaye, waɗanda karin sauti ko tsawon wasali ke bambantawa, alhali rubutun yau da kullum ba ya nunawa. Na biyu, kada a ba da kalma sai cikin jimla. Na uku, manhaja ta ware darasi kan amfani da ƙamus, a koya wa ɗalibi bambanci tsakanin ma'anoni masu tushe ɗaya da kalmomin da suka yi kama kawai. Na huɗu, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum da takwarorinta su sa wannan cikin horon malamai, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.