Musun Kwana Biyar: Yadda Masoya Kurket Ke Auna Tashen Ɗan Wasa

Wasan kurket na ƙasa da ƙasa da ake kira Test kwana biyar ake ba shi. Kullum ana jefa ƙwallo wajen sau 540, da hutun abincin rana na minti 40 da na shayi na minti 20, kuma da zarar an soma ruwan sama sai kowa ya bar fili. Wasan da ke da sarari irin wannan dole ya haifi magana. Tun karawar farko tsakanin Ostareliya da Ingila a Melbourne a 1877 'yan kallo ke cike wannan sarari da musu, har ya zama wani sashe na wasan kansa. Shirin rediyon BBC mai suna Test Match Special, wanda aka fara a 1957, ya yi suna da hirar da ake yi lokacin da ruwa ya tsayar da wasa kamar yadda ya yi suna da sharhin wasan. Abin da aka fi musu a kai kuwa, daga London har Mumbai, shi ne: wane ɗan wasa ne ke tashe, wane ne kuma hannunsa ya yi sanyi?

Dokar wasan ce ta sa wannan tambaya ke da zafi. Mai jifa yana auna turaku uku da ke bayan mai bugu, shi kuma yana kare su da sandarsa yana tara maki. Idan ƙwallo ta doki turakun, ko ya buge ta aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, to ya fita ke nan, kuma sau biyu kacal yake da damar shiga a duk kwana biyar ɗin. Ɗan gaba a ƙwallon ƙafa yana ɓarar da dama ya samu wata bayan minti biyar; mai bugu a kurket kuskure ɗaya zai zaunar da shi kwana biyu yana kallo. Ma'aunin da masoya suka riƙe kuwa shi ne maki ɗari a shiga guda.

Babu wanda aka yi wa wannan musu a zamaninmu kamar Virat Kohli na Indiya, kuma tarihinsa ya isa a gane inda musun ke da amfani da inda yake zalunci.

A 2014 Indiya ta je Ingila wasanni biyar. Kohli ya shiga sau goma ya tara maki 134 kacal, mai jifan Ingila James Anderson kaɗai ya fitar da shi sau huɗu. Salon faɗuwar kusan iri ɗaya ne: ƙwallo ta bi ta wajen turaku tana gocewa, ya miƙa sanda ya bi ta, ta goge gefen sandar ta faɗa hannun masu cafewa a baya. Masoya suka yanke hukunci cewa gwanin gida ne, ba ya iya iskar Ingila. Bayan shekara huɗu ya koma, ya tsaya gaba da layinsa don ya tari ƙwallo kafin ta gama gocewa, ya tara maki 593, Anderson bai fitar da shi ko sau ɗaya ba. Bakin da ya yi suka shi ne ya koma yabo.

Amma akwai abin da ba a cika tunawa ba. A wasan farko na 2018 ɗin, a Edgbaston, Kohli yana da maki 21 sai ƙwallon Anderson ta sake goge gefen sandarsa, irin ta 2014 sak, ta nufi hannun Dawid Malan na Ingila, ya sake ta. Kohli ya ci gaba har maki 149. Da Malan ya riƙe, da a daren nan an ce tsohon ciwo ya dawo. Hannun wani mutum daban ne ya raba "ya farfaɗo" da "bai gyaru ba". Wannan shi ne babban raunin musun tashe a ganina: yana ɗaukar sakamako ya ɗora wa ɗan wasa shi kaɗai, alhali a cikin kowane adadi akwai rabon sa'a, da yanayin fili, da kuskuren abokin hamayya.

Sai dogon farin da ya biyo baya. A Nuwamba 2019 ya yi maki 136 a kan Bangladesh a Eden Gardens da ke Kolkata, daga nan bai ƙara kaiwa ɗari a wasan Test ba sai Maris 2023, lokacin da ya yi 186 a kan Ostareliya a Ahmedabad. Fiye da shekara uku masoya suna ƙirga kwanaki. Suka rabu gida biyu: masu cewa gwani gwani ne, a yi haƙuri da shi, da masu cewa suna ne kawai ke riƙe masa gurbi yayin da matasa ke jiran dama. Har Kapil Dev, kyaftin ɗin da ya ɗauko wa Indiya Kofin Duniya a 1983, ya fito a 2022 ya ce babu wanda ya fi ƙarfin a ajiye shi.

Duk ɓangarorin biyu adadin ɗari suka zuba wa ido, shi ya sa suka tsallake abubuwa masu nauyi. A Adelaide a Disamba 2020 Kohli yana da maki 74, yana bugu ba tangarɗa, sai rashin fahimta tsakaninsa da abokin bugunsa Ajinkya Rahane ya sa aka fitar da shi yana tsakiyar gudun neman maki. A Cape Town a Janairu 2022 ya tari ƙwallo 201 ya yi maki 79 a gaban mai jifan Afirka ta Kudu Kagiso Rabada, a filin da sauran abokansa suka kasa tsayawa. Wanda ya kalli wannan shiga ya san ta fi ɗaruruwa da yawa da aka yi a fili mai laushi wuya. Ga kuma filayen Indiya na wancan lokaci da aka shirya don ƙwallo ta riƙa juyawa tun ranar farko, har wasan Ingila a Ahmedabad a 2021 ya ƙare cikin kwana biyu. Abokan wasansa Cheteshwar Pujara da Rahane su ma makinsu ya yi ƙasa a shekarun. Mai musun da bai sa wannan a lissafi ba rabin labari yake bayarwa.

Duk da haka ba na cikin masu raina musun 'yan kallo, domin a cikinsu akwai masu ido. Su ba sa tambayar maki nawa ya yi, tambayarsu ita ce ta yaya ya fita. Waɗannan ne suka daɗe suna cewa ƙwallon da ke bi ta wajen turaku ta dawo tana cin Kohli, ko a ranakun da ya tara maki. Ziyarar Ostareliya ta 2024 zuwa 2025 ta gaskata su. Ya yi ɗari a Perth, aka yi ta murna an ce ya dawo, sannan duk sau takwas ɗin da aka fitar da shi a ziyarar cafe shi aka yi a baya, ta hanya guda. Ya ƙare da maki 190 a shiga tara. Ɗarin Perth ta ruɗi masu ƙirga, ba ta ruɗi masu kallon ƙafarsa da gefen sandarsa ba.

A Mayu 2025 ya ajiye wasan Test bayan karawa 123, da maki 9,230, da ɗari sau 30, da matsakaicin maki 46.85 a kowace fita. Musun bai mutu ba, sai dai ya sauya gida: yanzu ana ja ne a kan ko wanda matsakaicinsa bai kai 50 ba zai zauna sahu ɗaya da manyan masu bugun Indiya Sachin Tendulkar da Rahul Dravid. Ni ina tare da masu cewa a raba shekarunsa gida biyu. Daga 2016 zuwa 2019, lokacin da ya yi ɗari biyu har sau bakwai, yana cikin sahun; shekaru biyar na ƙarshe kuwa na mutum ne da ya san ciwonsa sarai, ya taɓa warkar da shi a Ingila, amma bai sake samun maganinsa ba.