Sharhi: Gaurayen kiɗa, da abin da fiyano ta kasa ɗaukowa daga Kabi

Kwanakin baya na je bikin wani ɗan'uwa a unguwar Badariya cikin Birnin Kebbi. An ɗauko mai kalangu da yaran sa, an kuma ɗauko mai sa waƙa a lasifika, wato DJ. Mai kalangun bai yi minti ashirin ba 'yan mata su ka fara ƙorafi, a ka sallame shi. Da DJ ya karɓi fili, waƙar farko da ya saka kiɗan kalangu ne a cikin ta, amma na fiyano. Na kalli tsohon ya na ɗaure gangar sa a bayan babur, ita kuwa na'ura ta na kwaikwayon sa, jama'a na ta rawa. Abin ya tsaya mani a rai.

Kada mai karatu ya ɗauka zan bi sahun masu cewa gauraya kiɗa ɓata al'ada ne. Wannan magana ba ta da ƙafa, musamman a ƙasar Kabi. Tun zamanin Kanta, wanda ya ƙwace kan sa daga hannun Askiya na Songhai a farkon ƙarni na 16 ya kafa Surame, wannan fadama ta Rima mahaɗa ce. Bakabe, Bazabarme, Badende, Bafillace, Basarke mai sana'ar su, duk ruwa ɗaya su ke sha, kuma kowa ya ji kiɗan maƙwabcin sa. Molon Zabarmawa, gurmin Hausawa da garaya 'yan ɗaki ɗaya ne. Shi kan sa bikin kamun kifi na Argungu daga haɗuwa ya samo asali: ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, bayan doguwar gaba tsakanin gidajen biyu.

Haka abin ya ke ko'ina. Kiɗan rumba na Kwango daga fayafayin ƙasar Kyuba ya tsiro, su kuma mutanen Kyuba kakannin su ne su ka tafi da gangunan daga Afrika a jiragen bayi. Fela ya haɗa highlife da jazz da funk ya fito da afrobeat. Banjo da Amurkawa ke taƙama da ita jikanyar irin su molo ce. Ko a Kano, 'yan bandiri na Ushaƙu Indiya sun ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya su ka mayar da su begen Manzon Allah (SAW). Kiɗa ba ya neman biza.

To ina matsalar? Matsalar ita ce abin da a ke zubarwa idan an zo haɗawa.

Kalangu ganga ce mai magana. Makaɗi ya na matse tsarkiya a hammata, ya sassauta, sautin ya hau ya sauka kamar yadda kalmar Hausa ke hawa da sauka. Shi ya sa ɗan dambe zai ji taken sa daga nesa, tsikar jikin sa ta tashi, ba tare da an ambaci sunan sa da baki ba. Wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada ranar babban su ya ga wannan: makaɗa cikin kwalekwale, masunta dubbai riƙe da homa da gora, gangar ta na zuga mutum ya nutse ya nemo giwan ruwa. Ba rawa a ke yi wa wannan kiɗan ba, aiki a ke yi da shi. Ita kuwa fiyano sautin kalangu ɗaya a ka ɗaukar mata, ta yi ta maimaita shi daga farkon waƙa har ƙarshe. Ta ɗauko muryar, ta bar maganar.

Na biyu, 'yan amshi. Saurari fayafayin gidan Ɗandawo, Aliyu da ɗan sa Sani, waɗanda sunan su ke haɗe da fadar Argungu da ta Yawuri. Jagora ya jefa ɗa, 'yan amshi su cafe, wani lokaci su ƙarasa masa maganar, wani lokaci su yi masa ƙari. Hira ce a ke yi a gaban sarki. Ko marigayi Gambu na Fagada, duk da abin da a ka yi ta faɗa kan jigon waƙoƙin sa na ɓarayi, ba mai musun cewa shi da kalangan sa da yaran sa tattaunawa su ke yi. A situdiyo yau mutum ɗaya ne ke rera amshi sau ɗaya, injiniya ya kwafa ya liƙa a duk inda a ke buƙata. An rage kuɗi, gaskiya ne. An kuma rage rai.

Ban ce waƙar fim ba ta taɓa yin dace ba. Lokacin da fim ɗin ‘Sangaya’ ya fito a 1999, abin da ya kama mutane shi ne jin ƙamshin kiɗan gida a cikin na'ura, kuma wallahi a lokacin sabon abu ne. Laifin na waɗanda su ka biyo baya ne, da su ka mayar da dabara ɗaya ta zama doka. Daga baya irin su Aminu Ala da Naziru Sarkin Waƙa sun nuna a na iya komawa ga salon fada da nauyin kalma ba tare da an jefar da situdiyo ba. Sai dai ka lura, kusan duk wannan da Hausar Kano a ke yin sa. Yaron Argungu da ya tashi ya na cewa "munka" da "sunka", ranar da ya shiga gaban makirfo sai ka ji ya koma "muka" da "suka", kamar an ce masa harshen uwar sa ba ya hawa kiɗa. Alhali da wannan harshen Narambaɗa da Ɗan'anace su ka girgiza ƙasar Hausa.

Akwai labarin da ya kamata ya ba mawaƙan mu kunya, ko ya ba su ƙwarin gwiwa. A 2008 wani Buzu mai kaɗa jita daga Nijar, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato, nan kusa da mu, ya ɗauki faifan sa na farko mai suna ‘Anar’. Ya ari salon situdiyon waƙoƙin fim na Hausa, har da na'urar lanƙwasa murya, ya ɗora a kan kiɗan jitar Buzaye. Waƙoƙin su ka yi ta yawo daga waya zuwa waya cikin Sahara, har wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya tsinto ɗaya ya saka a faifai. Yau mutumin ya zagaya Turai da Amurka. Ya ari kayan mu, amma da harshen Buzaye ya yi waƙa, kuma bai ajiye jitar sa ba. Haka 'yan Mamar Kassey na Yamai su ka tsaya da sarewa da molo da kalangu kusa da jitar lantarki, kowanne ya na faɗin albarkacin bakin sa.

Ƙorafi na ga masu shirya bikin Argungu ke nan. UNESCO ta saka bikin a jerin al'adun duniya a 2016, an kuma farfaɗo da shi a 2020 bayan ya yi kimanin shekara goma a kwance. Kyamarori na kan kifin da ya fi nauyi da motar da za a bayar. Makaɗan kwalekwale kuwa ado ne a bayan hoto. Gidan tarihi na Kanta ya na nan cikin gari, ya dace a ce akwai ɗakin da yaro mai sha'awar waƙa zai zauna ya saurari taken masunta da na 'yan kokawa, ya san wane ne na wa.

Ga furodusoshi kuma, masu son zuwa bakin gulbi ɗaukar waƙar soyayya: idan kun zo, ku ɗauki mai kalangu na gaske ku shiga da shi situdiyo, ku bar shi ya amsa wa jarumi magana a tsakiyar baiti. Na tambayi tsohon nan na Badariya ko an taɓa kiran sa irin wannan aiki. Ya ce a'a, amma an taɓa ɗaukar kiɗan sa a waya, bai san inda a ka kai shi ba.