A bar fenti tukuna

Bara, bayan girbi, na sayi tsohuwar Honda CG125 a hannun wani dattijo a nan Jajaye. Ta yi shekara takwas a jingine a zaure, har kaji sun mayar da ƙarƙashinta makwanci. Kafin in turo ta gida samari uku sun ba ni shawara, kuma duk bakinsu ɗaya: a fesa mata fenti, a manna sitika, a ɗaura salansa mai ƙara. Abin da ake yayi ke nan yanzu daga Rogo har Ƙaraye. Yaro ya gaji Vespa ko Roadmaster a wurin kakansa, ya wanke ta da ja ko ruwan ɗorawa, ya ɗauki bidiyo ya sa a TikTok, bayan mako biyu ka gan shi yana tura ta a hanyar kasuwa.

Ina murna da samari suka waiwayi baburan iyayensu. Fara gyara daga waje ne ban yarda da shi ba.

Wani tsohon bakanike na kai wa tawa. Bai ko taɓa kik ba, ya ce, "Ɗana, ina rasit?" Ya goge lambar inji da tsumma, ya gwada da ta takarda. Sannan ya juye baƙin man a farin kwano, ya murza a yatsu, ya ɗaga wa rana yana neman ƙyallin garin ƙarfe. Bai samu ba. Ya kwance fulogi, ya toshe ramin da babban yatsa, ya ce in taka. Iska ta ture yatsan da ƙarfi, ya gyaɗa kai: fistin da ringi suna da sauran rai. Cikin tanki ne ya ɓata masa rai, duk tsatsa. Kananzir da ƙananan noti ya zuba, muka yi ta girgizawa har la'asar. Kabureta kuwa tsohon fetur ya daskare a ciki kamar ƙaro.

Na ce, "Baba, ai sabuwar kabureta ba ta da tsada a Ƙofar Ruwa." Ya ce ya sani, ya ci gaba da wanke ta asalin, yana hura kowane rami da baki.

Gaskiyarsa. Kamfanin Honda ya fito da CG125 a 1975 musamman don ƙasashe irin namu, inda ake labta wa babur kaya kuma ba a cika juye baƙin mai a kan lokaci ba. Shi ya sa aka yi mata inji mai sauƙi mai juriya, wanda kamfanonin Sin da yawa suka kwaikwaya daga baya. Da yake kayan kwaikwayon na shiga, sai ka ga an sauke inji na asali an sayar wa 'yan gwangwan a kilo, an ɗora na yanzu. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai. Haka tsohuwar Vespa: injinta sai an gauraya masa baƙin mai da fetur. Wanda bai tambayi manya ba ya zuba fetur zalla, kafin ya kai Ƙaraye inji ya cije.

Kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023, babur mai ɗigar fetur aljihu yake yi wa ɓarna, komai kyansa.

Kuɗin da na ware na fenti ya tafi a kan tayoyi biyu, sarƙa, birki da wayar kuloci. Tsofaffin tayoyin zanensu bai ƙare ba, amma gefensu duk ya tsattsage, ba za su ɗauki hanyar burji da buhun masara a baya ba. Makon jiya na hau ta har bakin madatsar Challawa na dawo, ko tari ba ta yi ba. Launin tankin yana nan a koɗe, jan ya koma kamar jar ƙasa. Da dattijon da ya sayar mini ya ji ƙararta daga cikin zaure, fitowa ya yi ba takalmi, ya ce in kashe in sake tayarwa ya ji.