Ramar Ciwon Daji: Ma'aunin 2011 Bai San Hanyar Jibiya Ba

Idan ka taɓa jinyar mai ciwon daji, ka san ramar nan da ba ta jin magani. A dama kunu, a soya ƙwai, a sayo madara, amma kullum sai ƙara zubewa yake. Likitoci na kiran wannan yanayi kakeksiya. A shekarar 2011, wasu masana ƙarƙashin jagorancin Kenneth Fearon, likitan tiyata a Edinburgh, suka fitar da matsaya a mujallar Lancet Oncology kan yadda za a gane ta. Har yau ita aka fi aiki da ita. Tambayarmu ita ce: za ta yi aiki a Jibiya, bakin iyakar Katsina da Nijar?

Mu fara da abin da suka ce. Kakeksiya ita ce zubewar tsoka, ko da kitse ya tafi ko bai tafi ba, wadda abinci kaɗai ba ya iya dawo da ita gaba ɗaya. Dalili kuwa, ciwon yana tayar da sinadaran kumburi a jini, irin su IL-6 da TNF, masu sa jiki ya riƙa cin tsokarsa, ga kuma rashin sha'awar abinci. Suka ce a kira ta kakeksiya idan ɗayan ukun nan ya tabbata: nauyi ya ragu da fiye da kashi 5 cikin 100 a wata 6 ba don yunwa ba, ko ma'aunin BMI ya gaza 20 kuma an rasa fiye da kashi 2, ko an auna an ga tsoka ta yi ƙaranci kuma an rasa fiye da kashi 2. Sannan suka kasa ta mataki uku: na share fage, na kakeksiya sosai, da na ƙarshe wanda magani ba ya juya shi, inda ake hasashen abin da ya rage bai kai wata 3 ba.

A yaba musu. Sun raba ramar ciwo da ramar yunwa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sauke wa matar mara lafiya nauyin zargin cewa ba ta kula da shi.

To amma ɗauki ma'aunin ka kai Jibiya. Na farko, kashi 5 cikin 100 na wane nauyi? Dole ka san nauyin mutum wata 6 da suka wuce. Mai kilo 60, kilo 3 ne kacal. Manomi nawa ka sani da ke hawa sikeli yana lafiya? Ga shi a wannan hanya mara lafiya kan fara daga Maraɗi ko Ɗan Isa, ya tsallako Jibiya, ya zarce Katsina ko Zariya. Kati ɗaya da Faransanci, ɗaya da Turanci. Idan aka rufe iyaka, kamar a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, zaren bibiyar sai ya tsinke.

Na biyu, sharaɗin cewa ba don yunwa ba. A Edinburgh cire yunwa daga lissafi abu ne mai sauƙi. A yankin da 'yan bindiga suka hana mutane gonakinsu, inda ƙungiyar MSF ke jinyar yara masu tamowa, yunwa da ciwon daji kan haɗu a jiki ɗaya. Tarin fuka da cutar ƙanjamau ma suna ramar da mutum haka. Matsayar ba ta koya maka yadda za ka warware su ba.

Na uku, BMI 20. Mutum mai tsayin mita 1.70 da kilo 57, nasa 19.7 ne, alhali ƙila garau yake. Kashi 2 na nauyinsa kilo ɗaya ne da ɗan kai, abin da aikin damina ko azumi zai iya ɗauke masa. A ɗaya gefen kuma, ciwon dajin hanta, wanda cutar hanta nau'in B ke yawan haddasawa a Afirka ta Yamma, yana tara ruwa a ciki. Sikeli zai ce nauyi na nan, alhali damtse ya tsotse.

Kuskuren nan biyu duk suna da tsada. Ka kira yunwa kakeksiya ta ƙarshe, ka sallama mutumin da abinci zai tayar. Ka kira kakeksiya yunwa, iyali su sayar da akuya da hatsi a kan ƙarin ruwa da maganin ƙarin jini, suna ɗura wa mara lafiya abinci yana kuka.

Mafita ba sai an jira na'urar CT ba. Matsayar da kanta ta yarda a ƙiyasta tsoka daga awon damtse, kuma ma'aikatan lafiyarmu sun saba da tef ɗin awon damtse saboda aikin tamowa. Masanan Asiya ma a 2023 sun fitar da nasu ma'auni daidai da jikin mutanensu, har da gwajin ƙarfin riƙon hannu. Masu bincike a Katsina da Maraɗi za su iya yin irin wannan.

Kafin nan, ga naka aikin. Duk asibitin da ka kai mara lafiyarka, ka nemi a auna shi, a rubuta kilo da kwanan wata a takardar da za ka riƙe da kanka. Lambar kilo ɗaya ce a Najeriya da Nijar. Ka gaya wa likita gaskiya ko abincin ne babu a gida, ko kuwa akwai amma ba ya shiga, don maganin kowanne daban ne.