Na'ura a Ajin Hausa: Tsokaci a kan Koyar da Karatu a Makarantun Chanchaga

1.0 Gabatarwa

Akwai wani ra'ayi da ya samu gindin zama a harkar ilmi a ƙasar nan, wato da zarar an shigar da na'ura cikin aji, to koyarwa ta inganta. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta auna wannan ra'ayi a kan ma'auni guda, wato koyar da karatun Hausa a makarantun firamare na ƙaramar hukumar Chanchaga da ke Minna, inda aiki ya kawo ni, kuma inda nakan zagaya duba ɗalibaina a lokacin gwajin koyarwa. Hujjar da za a kafa ita ce, na'ura ta riga bincike shiga aji, kuma a irin wannan muhalli tana iya ƙarfafa kuskuren da aka zo gyarawa.

2.0 Wace Hausa Yaro ke Zuwa da Ita?

Chanchaga ba Katsina ba ce. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, ga Nufawa masu yawa, ga Yarabawa da Ibo da sauran kabilun da jirgin ƙasa da aikin gwamnati suka tara, musamman bayan da Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976. Hausa ce harshen kasuwa da na wasan yara a unguwanni irin su Tunga da Kpakungu da Limawa, amma ga ɗimbin yaran nan harshe na biyu ce, ko ma na uku.

Manazarta sun daɗe da lura da cewa abin da ke fara zubewa a bakin wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce shi ne hamzantattun baƙaƙe: haɗiyau /ɓ/ da /ɗ/, da kuma tunkuɗau /ƙ/. Nufanci da Yarabanci ba su da waɗannan sautuka, don haka mai magana kan mayar da su /b/ da /d/ da /k/. Yaron da ya tashi a Daura yana bambanta 'baki' da 'baƙi' da kunnensa tun kafin ya san alli. Ko an rubuta masa kalmar babu ƙugiya, harshensa zai gyara masa ita. Takwaransa na Kpakungu kuwa, rubutun ne malaminsa na farko a kan wannan bambanci. In rubutun ya ɓata, babu inda zai koma.

A nan ne na'urar ta shigo. Wata rana na zauna a bayan wani aji ina duba ɗaya daga cikin ɗalibaina. Yarinya ce mai ƙwazo, ta kuma yi abin da muka koya mata, wato ta nemi kayan koyarwa na zamani. Ta samo wani ɗan labari ta intanet a wayarta, ta kwafe shi a allo yadda ta gan shi. A cikinsa aka ce ruwa ya 'kare', 'baki' sun iso, wani kuma ya ji ciwo a 'kafa'. Ta karanta daidai, domin ita Bahaushiya ce. Yara suka bi allo suka maimaita abin da idonsu ya gani, kuma ba ta ji bambancin ba saboda hayaniyar amshi. Na ba ta maki mai kyau a kan amfani da kayan aiki, tun da haka takardar awon ta tanada. Babu gurbin da zan rubuta cewa darasin ya koyar da kuskure.

Abin takaici shi ne matsalar ba ta fasaha ba ce yanzu. Tun a shekarun 1930, zamanin Dokta R. M. East a Hukumar Talifi ta Zariya, aka tsayar da baƙaƙe masu ƙugiya a maimakon ɗigo da hamzar da ake nuna su da su a da. Mu da muka yi karatu a ƙarshen zamanin tafireta mun ga yadda akan bi takarda da biro ana lanƙwasa wa kowane baƙi kansa bayan an buga. Yau kuwa tsarin Unicode ya tanadi ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kuma madannin Gboard da ke kan wayoyin Android yana da Hausa. Saka shi bai kai minti biyar ba. Amma a cikin tarukan horar da malamai kan fasahar zamani da na halarta, ban ga wanda aka ware wa wannan ko rabin sa'a ba.

3.0 Abin da Bincike Ya Riga Ya Nuna

Ba a rasa bincike ba, karanta shi ne ba a yi. Shirin shekara shida na Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, ya nuna cewa yaran da aka koyar da su da Yarabanci a duk tsawon firamare ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishi. A Arewa kuma, gwaje-gwajen karatun farko da aka gudanar da Hausa a jihohin Bauchi da Sakkwato a farkon shekarun 2010 sun gano cewa mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba sa iya karanta ko kalma ɗaya a cikin harshen da suke magana da shi a gida. Maganin da ya biyo baya, wato littattafan Mu Karanta! na shirin da aka fara a 2015 da tallafin hukumar USAID ta Amurka, ba na'ura ya sa a gaba ba. Littafi ne a hannun kowane yaro, da jagoran malami mai tsara darasi daga sautin baƙi zuwa gaɓa zuwa kalma, da mai bibiyar malamin a cikin ajinsa.

Sai dai a lura, Bauchi da Sakkwato wurare ne da Hausa ta yi rinjaye a gidaje. Ɗauko sakamakonsu a ɗora wa Chanchaga kai tsaye wani gaggawar ne. Manhajar kwalejojin ilmi ta raba Hausa gida biyu, ta 'yan asali da ta masu koyo a matsayin harshe na biyu, amma malamin da muka yaye yakan tarar da rukunin biyu a kan benci ɗaya, ba tare da mun shirya shi ba.

Ta fuskar na'ura kuwa, darasin ya tsufa. A 2007 aka raba wa yaran wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. Ƙasar Peru ta rungumi shirin fiye da kowa, amma nazarin da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ci gaba a lissafi ko a harshe ba. Haka nan dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022 abin yabo ne da ya sanya Hausa cikin harsunansa, amma yana bukatar waya da caji, kuma ba shi da kunnen da zai ji yaro ya ce 'kasa' a wurin 'ƙasa'.

Ba malaman firamare kaɗai ke yanke hukunci kafin bincike ba. A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa a firamare, yana mai kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. To amma yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 ba zai zauna wa jarrabawar kammala sakandare ba sai wajen 2034. Hedikwatar NECO a nan Minna take, kuma alƙalumanta na nuna wanda ya ci da wanda ya faɗi ne kurum. Ba sa faɗin harshen da aka koyar da shi a aji biyu.

4.0 Inda Na'urar ke da Amfani

Kada a ɗauka ana kiran a kori waya daga aji ne. Akwai gurbin da ta fi allo da littafi, wato murya. Ƙa'idojin rubutun Hausa ba sa nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa 'gari' na mazauni da 'gari' na tuwo suke da kama ɗaya a takarda. Sai a ƙamus irin na Bargery (1934) ake samun alamominsu, kuma ba ɗan aji biyu aka yi wa shi ba. Malamin da Hausa ba harshensa ba ce, kuma suna da yawa a makarantun nan, zai iya kunna wa yara muryar ɗan asalin harshe tana furta zubin kamantau: kafa da ƙafa, bari da ɓari, kare da ƙare. Wannan ba ya bukatar intanet ko majigi.

Wayar nan kuma ita ce kayan bincike mafi arha da malami ke da shi. Ya ɗauki muryar yaro yana karatu na minti ɗaya a farkon zango, ya ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, ya rubuta baƙaƙen da suka ba shi wuya tare da harshen gidansu, sannan ya maimaita a ƙarshen zango. Da sassan Hausa na kwalejoji da jami'o'i za su karɓi irin wannan aiki a matsayin kundin kammala karatu, maimakon takardun tambayoyin da ake raba wa malamai su zaɓi 'na yarda' ko 'ban yarda ba', da a cikin 'yan shekaru mun san ko yaron Gbagyi da na Nufe wuri ɗaya suke tuntuɓe. A zangon da ya wuce na ba ɗalibaina wannan aiki, har da wadda na ambata a baya. Sharaɗin farko da na gindaya musu shi ne kowa ya nuna mini madannin Hausa a wayarsa kafin in sa hannu a kan takardarsa.