Rumbun Tarayya da Baƙaƙe Masu Lanƙwasa: Sharhi a kan Sake Ginin Manhajoji

1. Gabatarwa

Tun daga taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta shirya domin daidaita rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma, har zuwa dokar 1999 da ta tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa a Nijar, hankalin masana ya fi karkata ga tambaya guda, watau wane harafi ne zai tsaya wa wane sauti. An sami amsar wannan tambaya. Sai dai harafin da aka amince da shi a taro dole ne ya bi ta cikin na'ura kafin ya isa ga mai karatu. A zamanin keken rubutu, mai buga takarda yakan buga k, in ya gama ya ɗauki alƙalami ya yi mata lanƙwasa. A kwamfuta babu wurin wannan dabara. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a shekarar 2025 kuwa, maganar ta shafi rajistar haihuwa da sunayen ƴan makaranta kamar yadda ta shafi ƙamus.

Wannan sharhi ya dubi wani aiki da masana harshe ba su cika kulawa da shi ba, watau sake gina manhajoji bayan an sauya yadda rumbun da suke tarayya a kansa yake riƙe haruffa. Za a auna hanyoyin da maginan manhaja suka bi, a nuna cewa wadda ta fi ba su wahala ita ce ta fi kiyaye rubutu.

2. Yadda na'ura ke riƙe harafi

Kwamfuta lamba ta sani, kowane harafi kuma lamba ake ba shi. Tsarin ASCII na Amurka, wanda ya fito a 1963, gurbi 128 gare shi. Tsarin ISO 8859-1 na 1987 ya kai gurbi 256, iyakar abin da bayit guda, wanda Faransawa ke kira okte, zai iya ɗauka. Ya shigar da é da è da ç na Faransanci, amma babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikinsa. An yi wani tsari musamman domin haruffan Afirka, ISO 6438 na 1983, sai dai domin kundin ɗakunan karatu aka yi shi, bai kuwa bazu ba.

Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ne ya ba baƙaƙen nan mazauni: ƙ tana lamba 409, ƴ 436, ɓ 595, ɗ kuma 599. Abin lura a nan shi ne dukkansu sun zarce 255, saboda haka ba sa shiga bayit guda. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka zana a 1992, kowane ɗayansu bayit biyu yake ci. Alal misali, kalmar ƙanƙara harafi 7 ce, amma bayit 9. Ƴaƴa harafi 4, bayit 6. Manhajar da aka rubuta bisa zaton cewa harafi guda bayit guda ne za ta yi kuskure wajen ƙirge. In ta yanke ƙanƙara a bayit na biyar, ta raba ƙ ta biyu gida biyu. In kuma aka karanta rubutun da tsarin Windows-1252, sai ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—.

Gaskiya ne cewa é ma bayit biyu ce a UTF-8. Bambancin shi ne Faransanci yana da tsohon tsarin da zai koma gare shi in sabon ya ƙi, Hausa kuwa ba ta da shi. Abin da ya rage mata shi ne zubar da lanƙwasa, a nan kuma baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa, ƙare ya zama kare.

3. Rumbun tarayya da dalilin sake gini

Manhajoji da yawa suna bukatar ayyuka iri ɗaya: zana harafi a allo, ƙirga tsawon kalma, jera sunaye bisa abacada. Maimakon kowace ta rubuta nata, sai a tara ayyukan wuri guda, kowace ta riƙa ɗiba in ta tashi aiki. Wannan shi ake nufi da rumbun tarayya. Ita manhaja ana rubuta ta ne da harshen da mutum ke iya karantawa, sannan a juya wannan rubutun tushe zuwa umarnin da na'ura ke bi. Juyawar ita ake kira gini.

A lokacin ginin ne ake dasa ma'auni a jikin manhaja: girman gurbin da harafi zai zauna, da jerin bayanan da za ta miƙa wa rumbu. Misalinta kamar mai saye ne da ya ƙulla ciniki da wata tiya. In mai rumbu ya sauya tiya bai faɗa ba, awo zai ci gaba, amma lissafi ya ɓaci. Don haka duk lokacin da rumbu ya faɗaɗa gurbin harafi daga bayit guda zuwa biyu ko huɗu, wajibi ne a sake gina kowace manhaja da ta dogara da shi, haka ma kowane rumbu da ke tsakani, kuma bi da bi, daga na ƙasa zuwa na sama. Masu tattara ƙunshin manhajoji na Linux sun sha wannan aiki sa'ad da suka koma UTF-8, Red Hat a 2002, Debian kuma a 2007.

4. Hanyar farko: rumbu biyu

Rumbun ncurses shi ne ke zana rubutu a allon umarni, manhajoji irin su nano da mutt kuma da shi suke aiki. Thomas Dickey ne ke kula da shi tun 1996. A ƙirarsa ta asali, kowane gurbi na allo yana riƙe harafi mai bayit guda tare da launinsa. Da bukatar Unicode ta taso, sai aka fitar da rumbu na biyu, ncursesw, wanda gurbinsa ke ɗaukar har lamba biyar: harafi ɗaya da alamomin da ake ɗora masa. Wannan ƙira ta cancanci yabo daga masanin Hausa, domin wani wasalin da ke ɗauke da alamar tsawo da ta karin sauti a lokaci guda, kamar ā̀, ba shi da lamba tasa ta kansa. Haɗa shi ake yi daga ā da alamar karin ƙasa.

Amfanin raba rumbun biyu a fili yake: babu tsohuwar manhajar da ta daina aiki, babu wanda aka tilasta wa sake gini. Amma a nan ne aibin yake. Zaman ncursesw a cikin na'ura ba ya amfanar manhajar da aka gina da tsohon rumbu. Za ta tashi lafiya, ta nuna Ingilishi daidai, in ta iso ga ƙ sai ta zubo wani abu irin M-F~Y. Ga wanda ya gina ta, da yake da Ingilishi yake gwaji, babu abin da ya lalace, don haka babu abin da ke hanzarta shi. Bugu da ƙari, rumbunan biyu suna kiran ayyukansu da sunaye iri ɗaya alhali ma'auninsu ya bambanta, har in manhaja ta jawo ɗaya, wani rumbun da take amfani da shi ya jawo ɗayan, tana iya faɗuwa ba tare da an gane dalili ba.

Ko da ncurses 6.0 ya fito a 2015 da sabon ma'auni, aka sake gina manhajoji da yawa, faffaɗan gurbi bai zama abin da ake samu kai tsaye ba sai a fitowar 6.5 ta 2024. Shekara fiye da ashirin ke nan ana ɗaukar harsunan da ba su shiga bayit guda ba a matsayin ƙari da sai an roƙa. Ba a zargin kowa da mugun nufi. Abin da ake suka shi ne zaɓin da ya sauƙaƙa wa mai gini ya bar nauyin a kan mai karatu.

5. Hanya ta biyu: ƙin tashi

Harshen shirya manhaja na Python ya bi wata hanya dabam. Tun daga fitowar 2.2 ta 2001 ana iya gina shi iri biyu, mai ba harafi bayit biyu da mai ba shi huɗu. Baƙaƙen Hausa suna shiga kowanne. Haruffan Adlam na Fulfulde kuwa, waɗanda aka shigar Unicode a 2016, lambobinsu sun zarce 65,535, don haka a ƙaramin gini kowane harafi guda biyu ake ƙirga shi.

Abin da ya bambanta Python shi ne maginansa sun sa girman gurbin a cikin sunayen ayyukan. A ƙaramin gini sunan yana farawa da PyUnicodeUCS2, a babba kuma da PyUnicodeUCS4. Ƙarin manhajar da aka gina domin ɗaya, in an kai shi ga ɗayan, zai nemi sunan da babu shi, ya tsaya nan take. Masu amfani sun yi ta kuka da wannan, masu rarraba ƙunshi kuma suka riƙa fitar da kowane abu kashi biyu. Rumbun ICU, wanda manhajoji da dama ke jera kalmomi da juya tsarin haruffa da shi, ya fi haka tsanani: lambar fitowarsa tana manne da sunan rumbun da sunayen ayyukansa, kowace babbar fitowa kuwa sai an sake gina duk abin da ya rataya a kansa.

Wahalar ba ƙarama ba ce, musamman inda wutar lantarki da intanet ke da tsada. Duk da haka, wannan hanya ce ta fi dacewa da mai ajiyar rubutu. Manhajar da ta ƙi tashi ta ɓata wa ma'aikaci yini guda, amma ba ta taɓa ko harafi ɗaya ba. Wadda ta tashi da ma'aunin da ba nata ba tana iya shekara tana rubuta ɓarna cikin kundi kafin a farga. Python ya warware matsalar daga tushe a fitowar 3.3 ta 2012, inda aka bar kowane jerin rubutu ya zaɓi bayit ɗaya, biyu ko huɗu gwargwadon babban harafin da ke cikinsa. Wannan ma sai da aka sake gina kowane ƙari, amma daga nan rabuwar ta ƙare.

6. Abin da sake gini ba ya gyarawa

Kuskure ne a ɗauka cewa da zarar an sake gini an gama. Abu uku suna saura.

Na farko, rubutun tushe. Manhajar da ke karɓar abin da aka buga bayit bayan bayit haka za ta ci gaba ko an haɗa ta da ncursesw. Mai rubutu ya buga ɗ, ya so sharewa, sai rabi ya tafi rabi ya zauna. Sai an gyara rubutun tushen ta yadda zai karɓi cikakken harafi, a kuma sa manhajar ta fara tambayar na'ura tsarin da take bi.

Na biyu, abin da aka riga aka ajiye. Kafin Unicode ya bazu, an buga littattafai da jerin kalmomi da yawa da haruffan dabara, watau an ɗauki gurbin wani harafin da Hausa ba ta amfani da shi an zana ƙ ko ɗ a ciki. A idon na'ura wannan har yanzu tsohon harafin ne. Sabon rumbu ba zai san nufin mai shi ba. Sai an yi jadawalin juyawa, irin wanda ake yi da TECkit na ƙungiyar SIL, kuma kowane irin zanen haruffa da nasa jadawali.

Na uku, jeri. A watan Agusta na 2018 rumbun glibc, a fitowarsa ta 2.28, ya sauya ƙa'idojin jera kalmomi. Babu manhajar da ta tsaya. Amma fihirisan da PostgreSQL ya riga ya gina bisa tsohon jeri sun daina dacewa da sabo, har ana iya neman abin da ke cikin kundi a rasa shi, sai an sake gina fihirisan su ma. Ga mai haɗa ƙamus, wanda aikinsa ya rataya a kan inda ƙ ke zama bayan k, wannan gargaɗi ne babba. Sauyin da aka yi domin gyara, in ba a bi shi har ƙarshe ba, yakan zama gyaran gangar Auzinawa.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ya kamata hukumomin yaƙi da jahilci da cibiyoyin bincike su riƙe wasu ƙa'idoji. Kada a taɓa rumbu sai an ajiye kwafin kundi a wani wuri dabam. A nemi jerin manhajojin da suka dogara da rumbun, a tabbatar an sake gina su duka, domin mafi yawa ba ya wadatarwa. Kada a karɓi aiki daga hannun ɗan kwangila don kawai manhaja ta tashi. A gwada ta da kalmomin da aka tanada, irin su ƙanƙara, ɓarɓashi, ɗanɗano, ƴaƴa, da manyan baƙaƙen Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ, da wasali mai alama biyu: a buga su, a share harafi guda, a nema, a jera, a fitar a takarda, a kuma sake buɗewa a wata na'ura.

Tanadin wannan jerin gwaji aikin masanin harshe ne, domin injiniyan da ke gwaji da Ingilishi ko Faransanci ba zai ga inda Hausa ke tuntuɓe ba. Ya dace kuwa jerin ya shiga cikin takardar kwangila tun kafin a sayi manhajar, kamar yadda dokar 1999 ta shiga littattafan makaranta.