Ina Aka Kai Telan?

 Ni dai tela ce, shekarata 19 ina taka keke a ɗakina a nan Wudil, ban taɓa zaton wata rana za a nemi shawarata a kan aikin talabijin ba. Sai ga shi kwanakin baya ɗan yayata, wanda yake aiki a wani gidan talabijin a Kano, ya zo min takanas ranar wata Juma'a. Garin ya cika ya batse saboda kasuwa, motocin shanu sun tare hanya tun daga gada, har sai da ya sauka ya ƙaraso da ƙafa. Bayan ya sha ruwa ya ce, "Inna, an ba mu aikin tsara sabon shiri na ado da kwalliya, wanda za a riƙa ɗauka a situdiyo. An ce kafin mu rubuta komai mu fara kallon abin da wasu suka yi. To ni in na kalla riguna kawai nake gani, ke kuwa ɗinki za ki gani."

Ya bar min waya cike da shirye-shirye, na gida da na waje. Na yi sati 3 ina kallo bayan isha'i, babbar 'yata tana fassara min Turancin da ya fi ƙarfina. Abin da na gani shi nake son mu tattauna, don mu ne ake yi wa shirin, kuma kuɗinmu ne yake tafiya.

Na fara da tashar nan Fashion TV wadda aka kafa a Faransa a 1997. Ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba. Mata ne dogaye ramammu suna ta safa da marwa a kan dandamali, fuska a murtuke kamar an yi musu mutuwa, kiɗa yana tashi, ba mai ce miki uffan. Kafin ki gane inda aka tsaga rigar an wuce. Batun sutura kuwa kada ma a tona. Na yi dare biyu na ce wa yarinyar ta cire.

Damuwata tana kan namu na gida, na Hausa da na Turancin Legas, domin su ne suke shigowa ɗakunanmu. Kusan duk tafiyarsu ɗaya ce. Za ki ga mai gabatarwa ta sha leshi ta kafa ɗauri, an zaunar da ita a kujera mai ruwan gwal, an gayyato wata hajiya mai babban shago. A tambaye ta yaushe ta fara, wane ƙalubale ta fuskanta, wace shawara za ta bai wa 'yan baya. Sai a fito da 'yan mata su tsaya su juya, a yi tafi, a karanto lambar wayar shagon, shiri ya ƙare. Na kalli irin wannan ya fi a ƙirga, wallahi ban ga almakashi ba ko sau ɗaya. Ban ga tef ɗin awo ba, ban ga alli ba, ban ji ƙarar keke ba. Hajiyar ma in kin dubi farcenta kin san ta daɗe ba ta zura zare a allura ba. Yaran da suka kwana suna ɗinkin suna can bayan shago, ba wanda ya ambaci sunansu.

Ku kwatanta da shirin girki. Arewa24 ta fara aiki a 2014, kuma cikin shirye-shiryenta da mata suka riƙe akwai Akushi da Rufi. Me ya sa? Saboda ana jera miki kayan haɗi ki gani, a ɗora tukunya a gabanki, ki ga lokacin da aka zuba mai da lokacin da aka rage wuta. Gobe ki shiga madafa ki gwada. To don Allah wace mace ce za ta yarda a ajiye mata tuwo da miya a kwano, a juya kwanon hagu da dama, a ce an koya mata girki? Amma abin da ake yi mana ke nan a shirin kwalliya, mu kuma muna ta kallon kitse ga rogo.

Na ce rogo, kuma da dalili. Ɗan nawa ya kai ni wani situdiyo na ga yadda ake ɗauka, daga nan Wudil tafiyar wajen kilomita 40. Na ga wata yarinya an sa mata doguwar riga, ta gaba ta zauna ɗas kamar a jikinta aka halicce ta. Da na zagaya bayanta sai na ga an tattare rarar yadin an maƙale da fil da abin shanya har guda 5. Ba ta iya zama, ba ta iya sunkuyawa, numfashi ma da dabara take yi. Ga fitilu masu zafi da suke sa yadi mai arha ya yi sheƙi kamar na kirki. Na tambayi mai ɗaukar hoton, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai kyamara ba ta zagayawa baya."

Kyamara ba ta zagayawa, amma ke za ki zagaya. Za ki zauna a tabarma gidan suna, za ki hau a-daidaita-sahu, za ki goya yaro, za ki yi ruku'u da sujada. Bara wata amarya ta kawo min atamfarta ta lefe, Holan ce ta gaske, ta nuna min hoton da ta ɗauka daga talabijin ta ce irinsa take so. Na ce mata wannan ɗinkin na yadi mai laushi ne mai zubowa, atamfa kuwa tsayawa take yi, kuma turmi yadi 6 ne, in aka yi wannan baza ba za a sami zani ba balle ɗankwali. Ta ga kamar ƙyashi nake yi ko ban iya ba, ta kwashi kayanta ta kai wani wuri. Bayan sati 2 ta dawo da hawaye, riga ta tsaya ƙiƙam kamar lema, hammata ta matse, ba abin da ya rage sai ƙyallaye. Uwar mijin kuma tana ta tambayar ina atamfar nan da ba a ga ta ɗaura ba. Laifin wa? Da a shirin an ce mata wannan ɗinki yana cin yadi kaza, kuma ba ya karɓar atamfa, da maganar ta ƙare a minti ɗaya.

A cikin na waje akwai biyu da suka sa na gyara zama. Na farko Project Runway na Amurka, wanda aka fara a 2004, wata Bajamushiya Heidi Klum ce ta fara gabatar da shi. Ana tara masu ɗinki, a ba kowa kuɗi ƙayyadadde, a kai su kantin yadi su zaɓa cikin 'yan mintoci, sannan a yanka musu lokaci. Kin ga ke nan an nuna abu biyu da kowace tela ta sani, wato kuɗi ba ya isa, lokaci ma ba ya isa, tamkar daren Sallah. A fitowar farko ma kantin kayan abinci aka kai su, wani ya haɗa riga da ɓawon masara, shi ya yi nasara. Na yi dariya har da ƙwalla. Amma shirin yana da aibi, ya cika son husuma. Da zarar biyu sun fara cacar baki sai kyamara ta bar keke ta koma kansu, mu kuwa ba mu rasa gulma a unguwa ba da za mu je nema a Amurka.

Wanda ya kwanta min shi ne na Ingila, The Great British Sewing Bee, da BBC ta fara a 2013. Ba manyan masu shago ba ne, mutanen gida ne irina da irinki, har da tsofaffi da maza. Kowane mako aiki 3 ake ba su. A ba kowa zane iri ɗaya ya ɗinka, sai a ba su tsohuwar tufa su mai da ita wani abu daban, sannan su auna mutum mai rai su ɗinka masa daidai jikinsa, mai ƙiba ne ko siriri. Abin da ya fi burge ni shi ne alƙalan. Sukan juya rigar ciki ya koma waje, su duba kalmasa, su ja zif, su ce nan ɗinkin ya karkace, nan shafin ya leƙo. Kuma ba sa cin mutunci. 'Yata da ba ta taɓa kula keke ba, washegari na same ta tana warware tsohon siket ɗinta wai za ta yi wa ƙanwarta riga. Sai dai tufafinsu ba irin namu ba ne, rabin abin da suke ɗinkawa ba mai fita da shi ko ƙofar gida a nan. Tsarin za a ara, ba rigunan ba.

Wani abin da ya ba ni haushi da namu shi ne yadda suke yi kamar ba mu da komai sai abin da jirgi ya kawo. A yi ta kiran shadda Getzner ta Ostiriya da atamfar Holan, alhali mafi yawan abin da muke saya a Kantin Kwari daga Sin yake zuwa, tun bayan da masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ma ta rufe a 2007. Ba wanda ya taɓa zama ya nuna wa mace yadda za ta bambance ta gaske da jabu kafin ta biya, ko yadda za ta gane wadda za ta zuba a wankin farko. Ga marinar Ƙofar Mata a tsakiyar Kano, wadda allonta yake cewa tun 1498 take, Turawa suna zuwa ɗaukar hoto. Ga mabuga a Kura. Ga matan cikin gida nan Wudil da ƙauyukanmu da suke ɗinkin hula da aikin hannu na manyan riguna, mace ta yi wata guda tana tsiyayar da idonta a kan aska takwas, a kai kasuwa a sayar ba a san da ita ba. Tun muna yara muna leƙen CTV a gidan maƙwabta, wadda yanzu ake kira ARTV, har zuwa yau da tashoshi suka yi yawa, ni dai ban taɓa ganin an zaunar da irin wannan matar an ce ta nuna hannunta ba.

Da ɗan nawa ya dawo karɓar wayarsa na ce ya ɗauki biro. A fitar da kujerar gwal a shigo da teburin yanka da keke 2, ɗaya na lantarki ɗaya na ƙafa, don mu nan wuta baƙuwa ce. Kowane ɗinki a faɗi yadin da ya ci da kuɗin da ya ci, har zare da zif da shafi. Mai gwada rigar ta zauna a ƙasa ta tashi, ta ɗaga hannu, ta yafa gyale a kai mu gani, kuma a kawo mai jego da mai jiki, ba 'yan mata kaɗai ba. Ya ce ai sun yi tunanin amfani da mutum-mutumi don gudun surutu. Na tuna masa cewa a 2021 Hisba ta Kano ta hana teloli da masu shaguna ajiye mutum-mutumi mai kai, in za su yi to su nemi marar kai. Kuma ko da shi, gunki ba ya zama ba ya sunkuyawa, mun koma gidan jiya ke nan.

Ya rubuta duka, sannan ya sosa ƙeya ya ce, "Inna, matsalar ita ce masu manyan shagunan nan su ne suke biyan kuɗin shirin. Ba za su yarda a faɗi abin da riga ta ci ba, don za a gane ribarsu. Balle a juya musu ɗinki a duba ciki."

Na ce to ku je wurin masu sai da keke da zare da dillalan Kwari, su ai so suke mata su koyi ɗinki. Ya ce zai kai maganar gaba. Ya bugo min shekaranjiya, wai an karɓi shawarar keken, za a ajiye ɗaya a bayan mai gabatarwa don ya ƙawata wurin. Na tambaye shi ko za a sa masa zare, ya ce zai tambaya.